Ranar Da Na Kashe Kakana Da Bakina

Ko zan manta ranar da aka miƙa mini takardar digiri, ba na jin zan taɓa manta wata Laraba da na kashe kakana da bakina, na tara masa jama'ar jana'iza daga garuruwa uku, alhali shi yana zaune daram a tsakar gidansa yana nuna yadda za a raba hanta. Shekaru sun ja, yau ina cikin aikin da na yi ta mafarkinsa, amma har gobe in na je gida wani ya ce "ga ɗan jarida nan ya iso", sai na leƙa fuskarsa in ga ko dariya yake dannewa.

A Kebbe aka haife ni. Babana manomi ne, gero da dawa, da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Yana da wata rediyo da yake ratayawa a reshen bishiya in muna gona, kuma wannan rediyo ce ta lalata ni. Tun ina firamare nake ɗaukar ludayin Inna in kai baki ina karanta wa shanu labarai. Da na tafi sakandare a Tambuwal, inda na zauna wurin Baffa, ƙanen Babana wanda malamin makaranta ne, sai abin ya zama ciwo. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini "Ɗumi-ɗumi", ni kuwa maimakon in ji haushi sai na rubuta sunan a bangon littafina da jan biro.

Da na samu waya, sai na buɗe wa danginmu guruf, na naɗa kaina shugaba ba tare da an yi zaɓe ba. Kullum da safe sai in gyara murya in aika saƙo: inda aka yi ruwa jiya, saniyar wa ta haihu, yadda kasuwa ta ci, wa ya sayi sabon babur. Dangi na Jabo da na Tambuwal da waɗanda ke ci-rani a kudu duk suna saurare. Tsofaffin da ba su da irin wannan waya sai 'ya'yansu su kunna musu. A hankali aka saba, in ana gardama sai wani ya ce, "Ai Ɗumi-ɗumi ya faɗa," shi ke nan magana ta ƙare. Ku riƙe wannan, don shi ne ya ja mini.

Duk wannan iyayi nawa, ban san komai ba game da karatun da nake son yi. A tunanina duk makarantar da ke gaba da sakandare jami'a ce, duk takardar da aka ba mutum a can kuma digiri ce. Baffa ne ya ji ina cika baki a zaure wata rana, ina cewa zan je in yi digirin shekara biyu in dawo, ya ajiye jan biron da yake makin jarabawa da shi ya dube ni ta saman tabarau.

"Zamna nan in warware maka, tun ba ka ba mu kunya cikin mutane ba," in ji shi. "Mai shekara biyu difloma ta, a kwalejin fasaha aka yin ta. In ka ƙare sai ka tai ka yi shekara guda kana koyon aiki, ka komo ka yi babbar difloma, ita ma biyu. NCE irin tawa shekara uku ta, kuma ta koyarwa ta, ba a koyon jarida cikinta. Digiri shi na na jami'a, shekara fuɗu a jere, in Allah ya tsare ku da yajin aiki. Bayan shi akwai na biyu, akwai na uku wanda aka ce ma mutum dakta ko bai iya allura ba. Aikin jarida kuwa ana yin shi ta difloma, ana yin shi ta digiri. To wanne kaka so?"

Na ce na fuɗun nan, wanda ake sa hula mai tuntu. Ya ce in je in faɗa wa Babana haka, shi ba ruwansa.

Babana kuwa tuni ya gama lissafinsa. NCE yake so in yi, shekara uku, in dawo in zama malami kamar Baffa, in koyar da safe in shiga gona da yamma. Shi a wurinsa aikin jarida surutu ne kawai da aka sa wa riga. Da aka zo cike fom ɗin jarabawar shiga manyan makarantu, kwalejin ilimi aka sa mini a zaɓin farko, ina ji ina gani. Sai ga sakamako ya fito, makina ya kai na shiga jami'a har da rara. Ranar a guje na zagaye gidan Baffa sau biyu ba takalmi. Aka ce akwai damar canza zaɓi a shagon kwamfuta, amma ranar Juma'a za a rufe. Na hau mota na tafi Kebbe na durƙusa gaban Baba, na yi magiya har bakina ya bushe.

Ya daɗe yana gyara ƙotar fartanya. Can ya ce, "Ni ba ni da ta cewa, tsohona shina raye. Tai ka gaya mishi. Abin da yac ce shi za a yi."

Na san abin da ke ransa, yana ganin tsoho ba zai taɓa yarda jikansa ya tafi birni shekara huɗu koyon surutu ba. Ni kuwa farin ciki kamar in yi tsalle, don ni da Kaka abokan wasa ne na gaske. Kullum muna faɗa a kan matarsa, tsohuwa kakata, wadda take kira na mijinta, shi kuma yana kira na ɗan ƙwace. In na gaishe shi sai in tambaye shi yaushe zai ba mu wuri, shi kuma ya ce sai ya ga furfurata. Na ce a raina wannan ai an ba ni a hannu.

Ranar Laraba da sassafe na ɗauki babur ɗin Baba. Farkon damina ne, shuka ta fito ta yi kore shar, hanya kuma duk ta caɓe. Na sa rigata mai aljihu biyu, na soke biro a ɗaya, ina tafe ina maimaita jawabin da zan yi wa tsoho, ina kauce wa ramuka ina waƙa. Abu ɗaya ne kawai ya ɗan tsaya mini a rai, an ce mana kwana shida ke nan Kaka yana fama da zazzaɓi.

Kaka yana zaune a wata 'yar unguwa a bayan Fakku. A lokacin babu sabis ɗin waya a cikin unguwar ko ɗigo, sai a wani tudu mai tsohuwar kuka kafin a shiga. Duk mai son kira can yake zuwa ya ɗaga waya sama. Daga kan tudun kuma ana hango ƙofar gidan Kaka tar. Na tsaya nan don in duba saƙonni kafin in shiga, sai na ɗaga kai.

Ƙofar gidan cike take da mutane. Maza suna shiga da gudu. Na hango liman ya naɗe hannun riga yana sauri ya faɗa zaure. Wasu mutum biyu suka wuce da tulunan ruwa, wani na biye da su da tabarmi a kafaɗa. Ga tsohuwa kuma a bakin ƙofa, hannu biyu a ka, mata sun riƙe ta, iska tana kawo mini salatinta da kukanta har inda nake.

Zazzaɓi na kwana shida, ga liman, ga ruwa, ga tabarmi, ga tsohuwa tana kuka. Na haɗa su wuri ɗaya na ba kaina amsa. Na zauna a saiwar kuka na yi kuka na gaske, don ina son tsohon nan. Sai wani tunani ya zo mini. A wurinmu ba a jinkirta gawa, kafin azahar an kai mutum makwancinsa. In na shiga unguwa babu sabis, 'yan Jabo da 'yan Tambuwal ba za su samu jana'iza ba. Gara in sanar tun ina nan. Wannan shi ne dalilin da na yi ta ba mutane daga baya, kuma gaskiya ne. Amma akwai na biyu da na daɗe ban faɗa wa kowa ba: a ƙasan kukan nan akwai wani ɗan shaiɗani da ke raɗa mini cewa ga babban labari ya samu, kuma ni ne na farko.

Na share hawaye, na gyara murya. Na ɗauki na farko, na saurara, na ji na yi sauri da yawa, na goge. Na biyu wani jaki ya yi kuka a tsakiya. Na uku ne ya fita yadda nake so, a nitse, da nauyi, irin na rediyon Baba. Na yi salati, na sanar da rasuwar dattijo bayan gajeruwar rashin lafiya, na faɗi 'ya'ya da jikokin da ya bari, na ce za a yi jana'iza da zarar jama'a sun hallara. Na danna. Saƙo ya tafi. Allah ya gani, har sai da na ɗan ji daɗin yadda na rufe shi.

Sannan na gangara unguwa. Daga kuka zuwa ƙofar gidan bai kai tafiyar minti uku a babur ba. Minti ukun nan su ne na ƙi yi da farko.

Na kutsa cikin zaure ina sharɓe, na faɗa tsakar gida, sai na ga ƙaton bijimin huɗar Kaka kwance an riga an yanka shi, ana fiɗa, an shimfiɗa tabarmi ana jera nama. Liman yana wanke wuƙa da ruwan tulu. A gefe kuma, kan turmi da aka kifa, ga mamacina zaune da hular sanyi, ya ɗan rame amma idonsa garau, yana nuni da sanda yana cewa a ware masa hanta.

Ashe da asuba bijimin ya tsinke igiya ya faɗa gonar maƙwabci ya ci sabuwar dawa mai tsiro, wadda duk makiyayi ya san guba ce ga shanu. Cikinsa ya kumbura, ya faɗi yana shure-shure, aka ruga aka kira liman a yanka shi kafin ya zama mushe. Tsohuwa kuwa ita ta raine shi tun yana maraƙi, da hannunta take ba shi dusa, shi take wa kuka.

Kaka ya hango ni ya washe baki. "A'a, ga ɗan ƙwace. Tun daga Kebbe kaj ji ƙanshin nama? Mi kaka ma kuka, kai ma ɗan'uwanka na?"

Na juya na fita da gudun da ban san ina da shi ba, har na manta da babur na hau tudu da ƙafa. Ina isa waya ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Saƙonnin ta'aziyya ne suke ta zubowa, wasu suna kuka a ciki, wasu sun riga sun tura wa wasu gurufan da ban ma san da su ba. Na aika gyara, wannan karon ba gyaran murya ba komai, ihu kawai nake: bai mutu ba, sa ne, sa ne aka yanka. Amma waɗanda suka ji gyaran su ne waɗanda ba su tashi ba. Masu zuwa sun riga sun hau babura sun shiga daji, inda babu mai samun su.

Sai na ce bari in tsaya a bakin hanya in tare su. Babur na farko ya iso, wasu dattawa biyu daga Kebbe. Na ɗaga hannu na ce, "Baba ku koma, Kaka bai rasu ba, lafiya tai lau." Na bayan ya sauko ya dafa kaina ya ce wa ɗan'uwansa, "Allah sarki, yaron ya ruɗe. Sun shaƙu ƙwarai." Ya ce in yi ta salati, suka wuce. Haka na biyu, haka na uku. Duk wanda na ce wa yana raye sai ya ba ni haƙuri. Muryar da na aika da safe ta fi ni da kaina ƙarfi, ni da na tsaya gabansu ina rantsuwa. Da na gaji sai na bi bayansu, in ga ƙarshen abin da na shuka.

Goggona ta Jabo, babbar 'yar Kaka, tun daga bakin unguwa ta fara kuka tana kiran "Babana, Babana". Ta shigo tsakar gida mayafi yana jan ƙasa, ta ɗaga ido ta gan shi yana tauna gasasshiyar hanta. Ta yi wata ƙara ta juya za ta gudu, ta yi karo da Baffa da ya shigo da malaman makarantarsu cike da mota daga Tambuwal, duk sun sa fuskar makoki. Kaka ya ɗaga musu hannu ya ce, "Sannunku da zuwa. Wa yam mutu?" Wani ya nuna shi da yatsa ya ce, "Kai." Sai wurin ya fashe. Mutane suna dariya suna riƙe ciki, wasu suna dariya hawayen ɗazu bai bushe musu ba, Goggo tana dukan ƙirji tana dariya tana neman inda nake da takalmi a hannu. Ni ina maƙe a bayan rumbu, kuma wallahi duk da tsoron da nake ji sai da dariya ta kuɓuce mini.

Ana cikin haka Babana ya iso.

Tunda na ɗauke masa babur, goyo aka yi masa. Ya shigo ba hula, ƙafarsa duk laka, a hammatarsa kuma da farin yadi a naɗe, likkafani, wanda ya tsaya ya yanko a kasuwar Kebbe. Bai ji dariyar da ake yi ba, ko kuma ya ji bai gane ba. Ya tsaya a tsakiyar gida yana kallon tsohon da ke kan turmi. Yadin ya zame ya faɗi. Ya tako a hankali ya durƙusa, ya kama ƙafar ubansa da hannu biyu, ya kifa kai a kanta, kafaɗunsa suna rawa. Tun da nake ban taɓa ganin hawayen Babana ba, ko ranar da ambaliya ta cinye mana gona. Dariya ta ɗauke ɗif. Kaka ya ɗora masa hannu a ka yana cewa, "Ina nan, ina nan, tashi."

A nan ne na san abin da na yi. Mutumin nan ya yi tafiyar awa guda a kan babur yana maraya, saboda ni na ga ƙofar gida daga nesa na ƙi ƙarasawa. Kunya ta rufe ni har na ji ina ma ƙasa ta tsage. Maganar jami'a kuwa na ce shi ke nan, na binne ta da hannuna, ko NCE ɗin ma in an bar ni na gode.

Abin mamaki, taron ya yi wa Kaka rana. Da 'yan unguwa kaɗai ne, naman bijimi guda a farkon damina sai ya lalace kafin ya ƙare. Amma ga jama'ar gari uku sun zo, aka yi watanda yadda aka saba in dabbar mutum ta faɗi, kowa ya ɗauki kashi don a rage masa asara, kafin azahar ko ƙashi bai rage ba. Mata suka ɗora tukwane. Waɗanda suka zo binne shi suka zauna suka ci tuwo da shi.

Bayan la'asar Kaka ya sa aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, ya ce a kawo masa ɗan ƙwace. Baffa ya jawo ni ta wuyan riga, biron nan nawa ya faɗi ban ko ɗauka ba. Kaka ya ce a kunna masa sanarwar, shi kaɗai ne bai ji ba. Aka kunna. Muryata ta tashi a gaban kowa, a nitse, da nauyi. Ya saurara yana gyaɗa kai har ƙarshe, ya ce a sake.

"Murya dai akwai ta," in ji shi. "Ni kaina sai da naj ji tausayin mamacin. Amma jikokina ka rage biyu. Kuma wagga gajeruwar rashin lafiya, kai ka yi ta da za ka ce gajeruwa ta?" Ya juya ga tsohuwa. "Kin gani ko? Kashe ni yay yi don shi gaje ki."

Tsohuwa ta ce ita ta fasa, ba ta auren mai ƙarya. Aka yi dariya, ban da ni da Baba.

Sannan Kaka ya tambayi abin da ya kawo ni tun farko. Baffa ya ba shi labari a taƙaice. Kaka ya ce shi bai san waɗannan sunaye ba, in warware masa da bakina tunda bakin ne sana'ata. Na durƙusa na jero masa yadda Baffa ya koya mini: difloma shekara biyu, a yi hutun koyon aiki a koma babbarta, NCE shekara uku ta koyarwa, digiri shekara huɗu a jami'a.

"To," in ji Kaka, "diflomar nan gero ta ke nan, tana saurin nuna. Digiri kuma dawa, sai an yi haƙuri." Na ce haka ne. Ya ce, "A wacce aka koya ma mutum shi shiga gida shi tambaya kafin shi buɗe baki?"

Na ce ana koyarwa a difloma, ana koyarwa a digiri.

Baffa ya sa baki ya ce shi a ganinsa, bayan abin da ya faru yau, a bar ni a NCE kawai, kowa ya huta. Kaka ya girgiza kai.

"Ku ba ku gane ba. Wanga yaro ko kun kai shi koyarwa ba shi bari, cikin jininai abin yake. Ku duba jama'ar da yat tara da waya guda, ko sarki sai ya yi shela. Mutane sun yarda da bakinai, shi na abin tsoron. In kun bar shi haka ba saiti, yau ni yak kashe, gobe gari guda za shi kashewa. A kai shi inda aka gyara irinsu. Kuma kak ku kai shi mai shekara biyu, ba ta isa. Wanda yak kashe mutum da ranshi, sai fuɗun nan. Akwai wani bayan shi?"

Baffa ya ce akwai na biyu, akwai na uku.

"To a fara da fuɗun. In bai warke ba a ƙara mishi."

Wurin ya sake fashewa, ni kuma na rasa abin yi, dariya ko kuka, sai na yi duka biyun. Na saci kallon Baba. Kansa yana ƙasa, ya ce, "Yadda kac ce, Baba." Kaka ya miƙa hannu ya ɗauki farin yadin nan da aka ajiye a gefe, ya shafa shi ya ce mai kyau ne, ya ba tsohuwa ta sa masa a akwati, tunda an riga an saya ba a mayarwa.

Da za mu koma, Baba ne ya ja babur, ni a baya. Sai da muka kusa Kebbe ya rage gudu, bai waiwayo ba ya ce, "Abin da naj ji yau a hanyar nan, kak ka sake sa ɗan wani shi ji shi a banza." Na ce in Allah ya yarda. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, kuma da ya kama ni ya yi mini dukan tsiya da ya fi mini sauƙi.

Washegari Alhamis na tafi Tambuwal, na shiga shagon kwamfuta aka canza mini zaɓi, saura kwana ɗaya a rufe. Mai shagon yana danna madannai yana satar kallona, can ya ce, "Kai na mai kakan nan?" Labari ya riga ni isa.

Na samu jami'a. A makon farko malaminmu ya tsaya gaban allo ya ce dokar farko ta wannan aiki ita ce kada ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba, ka je wurin, ka tambayi mutum biyu aƙalla. 'Yan aji suna ta rubutawa, ni kuwa dariya ta kama ni har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, na dai riga na yi wannan darasin a gida.

Kaka ya ƙara shekara bakwai a duniya. Ya ga hular nan mai tuntu, har ya sa ta a kansa aka ɗauke shi hoto, ya ce ta yi kama da faifai. Duk lokacin da ya ji muryata a rediyo sai ya ce wa na kusa da shi, "Ku bari sai an binciko, wanga ya taɓa kashe ni."

Da ciwon ajali ya zo ina gida. Wata safiya Baba ya fito daga ɗakin tsoho, ya dube ni ya ce, "Kai za ka sanar." Na ce to, amma ban nufi tudu ba. Na shiga ɗakin. Na yaye mayafi na ga fuskarsa, na riƙe hannunsa har na ji sanyinsa a nawa, na tambayi liman ya tabbatar mini. Tsohuwa tana gefe ta buɗe akwati tana fito da farin yadin nan, yana nan a naɗe yadda aka ajiye shi.

Sannan na taka zuwa gindin kuka. Sau ɗaya na ɗauka, muryar ta karye a tsakiya, ban goge ba. Amsar farko da ta shigo daga Jabo ce, ɗan Goggo, ba kuma da wasa ya yi ta ba. Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Na shiga, na gani."

Shekara huɗu na yi a jami'a ana koya mini abubuwa da yawa, amma abin da nake aiki da shi kullum shi ne wanda na koya a wannan Larabar: in mutane suka yarda da bakinka, to ba ka da ikon faɗin abin da ka hango daga kan tudu. Ka sauka, ka ƙarasa minti ukun, ka shiga gidan tukuna.